Renon itace a kasko: a ba mu fili a makarantun Maraɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana a kan bonsai, wato renon itace a cikin kasko har ya tsufa bai wuce kamu biyu ba. Fasahar ta samo asali ne daga Sin, Japanawa kuma suka raya ta, har suna yi mata babban baje koli a Tokiyo tun 1934.

Shekara biyu na yi ina koyo ni kaɗai daga bidiyon intanet, kuma tsamiya uku suka mutu a hannuna, saboda na bi lokutan ƙasashen sanyi na datse saiwa a watan Maris, daidai lokacin da zafin bazara yake kankama a nan. Ban gane kuskurena ba sai da na shiga wata 'yar ƙungiya da ke haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar. Wani dattijo manomi a cikinmu ya kife kaskona, ya murza ƙasar da yatsunsa, ya ce: "Ɗana, laka ta yi yawa, saiwa ba ta shan iska. Ka gauraya da yashin gulbi da gawayi, ka huda gindin kaskon, sannan ka jira ruwan farko." A gabansa na fara naɗa waya a reshen ceɗiya don in lanƙwasa shi yadda nake so, yana riƙe da hannuna don kada in karya shi, kuma shi ya nuna mini lokacin kwance ta kafin ta ci ɓawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne, dattijon bai taɓa jin kalmar bonsai ba kafin bara. Iliminsa na zaɓen reshen da za a bari daga sassabin zamani ya same shi, dabarar raya kututture da ta bazu daga yankinmu tun wajajen 1983.

Saboda haka nake roƙon shugabannin makarantu su ware mana ɗan wuri mai inuwa da ruwa, inda matasa za su zauna da irin waɗannan dattawa. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba ma tono itace daga daji. Daga ƙwallon tsamiya da na kuka muke farawa, ko reshen ceɗiya, kuma duk ɗalibin da ya zo za mu ba shi kasko da iri kyauta.

Naku,
Wani mai karatu daga Maraɗi