Kafin dashen hannu ya yi nasara a jikin mutum, an dasa wa ɓera ƙafa

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin marubutan labaran kiwon lafiya kan dashen hannu da fuska, aikin da ake ba mu labarinsa kamar abin al'ajabi ba tare da an ambaci dabbobin da aka fara gwada shi a kansu ba.

Dashen hannu ya fi na ƙoda wuyar sha'ani, domin fata da tsoka da ƙashi da jijiyoyi ake ɗorawa gaba ɗaya, kuma fata ce garkuwar jiki ta fi saurin kai wa hari. A 1964 wani likita a ƙasar Ekwado ya dasa wa mutum hannu, amma cikin 'yan makonni jiki ya ƙi shi, aka cire. Daga nan masana suka koma kan dabbobi. A shekarun 1980 aka ga cewa maganin saikulosporin, mai danne garkuwar jiki, yana sa ƙafar da aka dasa wa ɓera ta daɗe, sannan a shekarun 1990 likitocin Louisville ta Amurka suka gwada haɗin magunguna a kan aladu, waɗanda fatarsu ta fi kama da ta ɗan Adam. Bayan wannan ne aka yi dashen hannu a Lyon ta Faransa a 1998, aka yi wani a Louisville a 1999. Ita ma Dakta Maria Siemionow ta yi shekaru tana dasa fuska tsakanin ɓeraye kafin ta jagoranci dashen fuskar wata mata a Cleveland ta Amurka a 2008.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kururuta duk nasarar da aka samu a jikin ɓera kamar an gama magana. Wanda aka dasa wa hannu sai ya riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki muddin hannun yana jikinsa, kuma magungunan nan suna iya jawo ciwon suga da lalacewar ƙoda da ciwon daji, alhali rashin hannu ba ya kisa. Masu bincike sun sha koya wa jikin ɓera karɓar gaɓar wani ba tare da dogaro da magungunan ba, wasu lokuta ta hanyar haɗa dashen da ɓargon mai gaɓar, amma da aka je kan aladu da birai sai aka tarar fata ta fi taurin kai, kuma har yau ba a kai ga raba mutane da magungunan ba.

Don haka nake kira ga manema labaranmu su riƙa faɗin dabbar da aka yi gwajin a kanta, da tsawon lokacin da gaɓar ta rayu, da kuma ko kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince da aikin, domin wanda ya rasa hannu a hatsarin mota ko a injin niƙa yana karanta labarin ne da dukkan zuciyarsa.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya