Ƙonewar fairubet: a gyara lissafin da ake koya wa ɗalibai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin malaman bayoloji da ɗalibai a nan Sakkwato, musamman masu shirin WAEC da JAMB, kan wani mataki na numfashin ƙwayar halitta (yadda take fitar da kuzari daga abinci) da ake yawan yi wa karatun tsallake, wato ƙonewar fairubet.

Gulukos ɗaya yana rabewa gida biyu, a samu fairubet biyu, kowanne da kabon uku. Idan sun shiga maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ke samar da kuzari, gungun inzayim (sinadarai masu hanzarta aiki) da ake kira PDH zai fizge kabon ɗaya daga kowanne ya fita a CO2, ya ɗora wa NAD+, sinadarin da ke dakon ilektron, ilektron biyu ya koma NADH, sannan ya liƙa ragowar kabon biyun a jikin wani sinadari mai suna CoA, a samu asetil-CoA. Ke nan a wannan matakin gulukos ɗaya yana ba da NADH 2, CO2 2 da asetil-CoA 2. ATP kuwa, wato sinadarin da ke riƙe kuzarin da ƙwayar halitta ke aiki da shi, ko ɗaya ba ya fitowa a nan kai tsaye.

Wasu ɗalibai kan manta su ninka biyu. Wasu kuma su ƙirga FADH2 don sun ga FAD, wani mai dakon ilektron da kan koma FADH2, a zane, alhali wannan FAD ɗin a ɗaure yake da inzayim, ilektron kawai yake karɓa ya miƙa wa NAD+.

Inda gardama ta fi yawa shi ne darajar NADH. Tsofaffin littattafai na ba shi ATP 3, jimillar gulukos ta kai 36 ko 38. Amma NADH ɗaya furoton (H+) 10 yake turawa su tsallake bangon ciki na maitokondiriya, kuma ana kashe kusan 4 kafin ATP ɗaya ya samu. Raba 10 da 4, ka sami 2.5. Don haka wannan matakin ATP 5 yake haifarwa daga baya, ba 6 ba, jimilla kuma 30 zuwa 32. A ganina malami ya koyar da duka biyun, ya faɗi dalili, tunda tsohon adadin bai bar takardun tambaya ba.

PDH ba ya aiki sai da bitamin B1. In ya yi ƙaranci, fairubet zai taru ya koma laktet, jijiyoyi da zuciya su fara galabaita, cutar beriberi ke nan. Shi ya sa shinkafar da aka turara kafin a sheme ta, irin ta matan Wurno da Goronyo, ta fi farar da inji ya goge tas: turarin yana tura bitamin ɗin daga dusa zuwa cikin ƙwaya.

Wassalam,
Malamin bayoloji, Sakkwato