Ƙaramin jirgin lantarki ya cancanci wuri a makarantun fasaha na Gombe da Bauchi

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili domin in ja hankalin malaman kwalejojin fasaha na Gombe da Bauchi kan wani kayan koyarwa da ake wa kallon abin wasan yara: ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda ake ƙerawa bisa ma'auni daidai da babban jirgi. Dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, amma yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin yadda taya ke zama a kan ƙarfen dogo ba.

Tarihin Faransa ne ya fi nuna abin da nake nufi. A watan Maris na 1955, injuna biyu na hukumar jiragen ƙasa ta SNCF, wato CC 7107 da BB 9004, sun yi gudun da ya haura kilomita 320 a awa ɗaya kudu da birnin Bordo, BB 9004 har ya kai 331. Duniya ta yi tafi, amma injiniyoyi sun ga abin da ya tayar musu da hankali: hannun ƙarfen da ke gogar waya a saman injin yana ɗibar wuta ya narke, dogon kuma ya lanƙwashe bayan wucewar jirgi. Injin ya iya gudun, hanyar ce ba ta ɗauka ba. Shi ya sa sai a 1967 jirgin Le Capitole mai zuwa Tulus daga Faris ya fara ɗaukar fasinja da gudun kilomita 200, a wani yanki na hanyar kawai. Da za a fito da TGV, jirgin Faransa mai tsananin gudu, a 1981 kuwa, sabon layi aka shimfiɗa masa tsakanin Faris da Liyon, ba kwana mai tsanani, da wuta mai bolt 25,000. A kan irin wannan layi aka kai gudun kilomita 574.8 a awa ɗaya a 2007.

Wannan darasi ɗalibi zai gani da idonsa a kan tebur. Ma'aunin da ya fi samuwa shi ne HO, kashi ɗaya cikin 87. Faɗin dogon Faransa milimita 1,435 ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna, a raba da 87 ya ba da 16.5, faɗin ƙaramin dogon ke nan. Tsohon layinmu na Gombe milimita 1,067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa dogo mai milimita 12 zai nema. Kamfanin Jouef ya shahara da ƙera jiragen Faransa a wannan ma'auni, kayan Roco ma suna hawa dogo ɗaya da nasa. A kula da na Märklin: tsarin wutarsa daban ne, injinsa ba zai yi tafiya a dogon sauran ba.

Falle ɗaya na filawud mai mita 1.2 da 2.4, kauri milimita 12, ya isa. Kafinta ya ɗaure shi da katako ta ƙasa, in ba haka ba damina na sauka zai bankare. Kuskuren da aka fi yi a kwana yake. Taragon fasinja mai tsawon mita 26.4 yakan dawo kusan santimita 30 a HO, dogon da ke zuwa cikin kwalin masu farawa kuwa kwanarsa santimita 36 ce daga tsakiyar da'ira. Tarago mai tsawo a irin wannan kwana yakan rinjayi na bayansa, taya ta hau ƙarfe, jirgi ya sauka. A nemi kwana mai santimita 43 ko fiye. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Ga lissafin da zai ba ɗalibai mamaki: gudun Le Capitole a kan tebur santimita 64 ne kacal a daƙiƙa. Wanda ya murɗa wuta har ƙarshe a matsattsiyar kwana ya maimaita 1955 a ajinsa.

Wutar ba ta da yawa, daga sifiri zuwa bolt 12 ce ta irin ta batir, ƙarfe ɗaya na kai ta, ɗaya na dawo da ita. Juya wayoyin biyu, jirgi ya koma da baya. Da yake wutar gari da ta janareta suna hawa da sauka, gara batirin sola mai bolt 12 da na'urar rage gudu, a sa fiyus mai amfiya 2 kusa da batirin. Kada a tsallake fiyus ɗin, domin ƙusa ɗaya ta faɗa tsakanin ƙarafan biyu za ta ƙona waya. Idan jirgi yana rage gudu a nesa da inda wuta ta shiga, laifin maɗaurin dogo ne da ya saki. A jawo waya mai kauri ta ƙarƙashin tebur, a liƙa reshe da dalma a kowace mita.

Babban abokin gabarmu ƙurar hunturu ce. Tana haɗuwa da mai ta zama baƙin danƙo a kan ƙarfe da tayu, jirgi ya riƙa tsayawa yana tartsatsi. A goge da tsumma mara gashi da sifirit. Ban da sanfefa, tana karce ƙarfen, datti ya ƙara samun wurin zama. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya ishi kowane giya na injin, na roba ne, man mota na iya lalata shi. Zafin bazara yana miƙa ƙarfe, saboda haka a bar tazarar kaurin kati tsakanin kowane dogo da na gaba, a kuma rufe teburin da zane bayan darasi.

Roƙona ga hukumomin ilimi na jihohin biyu shi ne a fara da tebur ɗaya a kowace kwalejin fasaha: injin ɗaya, tarago uku, dogo kamar mita 6 da mitar gwada wuta. Ɗaliban kafinta su haɗa teburin, na lantarki su ja waya, a kuma kai su tashar Gombe ko ta Bauchi da tef su auna faɗin dogon da hannunsu kafin su raba da 87.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Malamin koyar da aikin lantarki, Gombe