Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkinmu Kan Hanyoyi, Sufuri da Kwashe Shara a Mahaliyyarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga dattawa, limamai, manoma, masunta, 'yan kasuwa, direbobi da iyaye mata na unguwanni da ƙauyukan Hausawa da ke gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, zuwa ga Mai Martaba Sarkinmu, ta hannun masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mun rubuto ne domin mu kawo kukanmu game da ayyuka uku da ke wuyan mahaliyya (ƙaramar hukumarmu), wato gyaran hanyoyin cikin gari da na ƙauyuka, tsara harkar sufuri, da kwashe shara. Tushen kukan kuwa guda ne: ana karɓar kuɗi daga hannunmu da sunan waɗannan ayyuka, amma a yau babu wani zama da talaka ko wakilinsa zai tashi a cikinsa ya tambayi nawa aka tara, kuma a ina aka kashe.

Ranka ya daɗe, muna magana ne a matsayin 'yan ƙasa masu biyan haraji. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno suka yo gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin wannan kogi, iyaye da kakanninmu suke noma wannan ƙasa, suna kamun kifi a ruwanta, kuma da guminsu aka yi noman auduga a Jazira bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Mun kuma san halin da ƙasa ta shiga tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke. Mun ga yadda yaƙi ya ci Sinja, babban birnin jiharmu, a Yunin 2024, jama'a suka watse zuwa Gadarif, Kasala da Damazin, sannan suka fara dawowa bayan Nuwamban 2024 suka tarar da gidaje a fashe da ofisoshi a wawashe. Ba mu jahilci cewa baitulmali ya yi rauni ba, ko cewa ma'aikata da yawa sun yi watanni babu albashi. Sai dai a ganinmu ƙarancin kuɗi shi ne babban dalilin da ya sa ya wajaba a san inda kowane fam na kuɗinmu ya tafi.

Maganar hanya ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Ƙasarmu baƙar laka ce, wadda ke tsagewa da rani, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe tayar mota har sai an kawo tarakta. Babbar kwaltar da ta taso daga Wad Madani ta ratsa Sinnar da Sinja zuwa Damazin tana nan, amma tsakaninta da ƙauyukanmu da lambunanmu babu abin da ya haɗa mu sai turbar ƙasa. Daga Yuli zuwa Satumba, ayaba da kayan lambu kan ruɓe a gona ko a bayan lori da ta maƙale, kuma dillali ya san manomi ba shi da mafita, don haka yakan sayi kayan a farashin da ya ga dama. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne mace mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, da ake ɗorawa a karon jaki, ko a ɗauke shi a kan gado a kafaɗa, har a kai bakin kwalta.

A wasu wurare an zuba radmiyya, wato cikon ƙasa da ake ɗaga hanya da shi, kuma mun gode. Amma an zuba ta ne ba tare da kwalbati a inda ruwa ya saba bi ba, sai hanyar ta zama madatsa, ruwan ya juya ya shiga gidajen laka ya ci gindin katanga. Duk dattijon ƙauye ya san inda ruwa ke bi tun yana yaro, amma babu wanda ya tambaye shi kafin a fara aiki. Ba a kafa allo da ke nuna wanda aka ba kwangila, ko tsawon hanyar, ko kuɗinta ba, saboda haka idan aiki ya lalace a daminar farko ba mu san ƙofar da za mu buga ba. Haka nan yasar magudanan ruwa, wadda lokacinta shi ne Mayu da farkon Yuni, ba a tashi yin ta sai ruwa ya riga ya kwanta a tituna, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku a faɗin ƙasa, kuma ta rusa gidaje masu yawa a wannan jiha, ba zai ɗauki wannan sakaci da wasa ba. Matasanmu suna fitowa gayya kowace shekara da fartanya da shebur da buhunan ƙasa, amma akwai aikin da sai gireda da motar tona ƙasa.

Game da sufuri, direbobin raksha (keke mai ƙafa uku), hafila (ƙaramar bas) da bokasi (a-kori-kura), waɗanda da yawansu sun sa hannu a wannan takarda, suna biyan kuɗin tasha da na lasisi, amma tashoshin babu rumfa, babu ban-ɗaki, babu ruwan sha, da damina kuma sukan zama kududdufi. Ba a liƙa farashin kujera a ko'ina ba, shi ya sa kullum ake cacar baki tsakanin fasinja da yaron mota. Idan man dizal ya hau kuɗin mota ya hau, idan ya sauko babu mai cewa a rage. Jiragen kwale-kwale da ke ƙetarar da mutane da dabbobi kuwa babu mai duba yawan lodinsu ko lafiyar katakonsu, ko da a watan Agusta ne da kogi ke cika ya yi ƙarfi.

Sai maganar shara, wadda a wurinmu maganar rai ce. Mai shago ba ya sabunta lasisinsa sai ya biya kuɗin shara, kuma masu karɓa suna zagayawa kasuwa a kan lokaci, amma motar kwasa takan yi makonni ba a gan ta ba, wasu unguwannin ma ba ta taɓa shiga ba. Juji ya taru a bakin makarantu da bayan kasuwar kifi da kusa da mahauta, leda ta toshe magudanai, ruwan sama kuma ya wanke ƙazantar ya kai ta kogin da masu karo ke ɗebo ruwan da ake sayar wa gidaje a ganga. Wannan jiha ta ga kwalara a 2019, ta sake ganin ta bayan da ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta sanar da ɓullarta a Agustan 2024, ga zazzaɓin cizon sauro da na denge da ke bin ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Akwai kuma wani sabon haɗari da ba mu saba da shi ba: a wuraren da aka yi faɗa, harsasai da bama-baman da ba su fashe ba na iya kasancewa a cikin baraguzai da juji, ga shi kuwa mutane sun koma ƙona shara da kansu saboda ba a kwashewa, yara kuma suna tsince-tsincen ƙarafa a ciki domin sayarwa.

Allah ya ba ka nasara, dalilin da ya sa muka ce tushen kukan guda ne shi ne, tun Afrilun 2019 da aka rusa majalisar dokoki ta ƙasa da na jihohi, ba a sake samun zaɓaɓɓun wakilai da za su bi diddigin kasafin kuɗi ba. Shugaban zartarwa na mahaliyya naɗa shi ake yi, kuma bayaninsa sama yake kaiwa, ba ya saukowa gare mu. Ba mu zargi wani mutum da cin amana ba, domin ba mu da hujjar yin haka, kuma rashin hujjar ma yana cikin abin da muke kuka da shi, tun da babu takardar da aka taɓa nuna mana. Rasit ɗin gwamnati da aka sani shi ne Urnik 15, wanda aka mayar da shi na na'ura tun 2015 domin kuɗi ya riƙa shiga asusun hukuma kai tsaye, amma sau da yawa abin da ake miƙa wa mai shago ko direba 'yar takarda ce da aka rubuta da hannu, wani lokacin ma babu ko ita.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, a matsayinsa na uban ƙasa wanda hukuma ke jin maganarsa, da ya kai wannan koke gaban shugaban mahaliyya, idan ta kama har gaban gwamnan jiha, ya nemi a kafa kwamitin sa ido wanda zai ƙunshi wakilan fada, masu unguwanni, direbobi, 'yan kasuwa, mata da matasa, tare da maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, domin laka da kwalara ba su taɓa tambayar asalin kowa ba. Muna so a ba wannan kwamiti ikon ganin abin da aka tara na kuɗin shara, tasha da kasuwa, a kuma liƙa lissafin a ƙofar ofis da bakin kasuwa duk bayan wata uku, da Larabci, a karanta shi da Hausa a masallatai. Muna so a sanar da jama'a cewa duk kuɗin da ba a bayar da rasit ɗin hukuma a kansa ba, ba wajibi ba ne a biya.

Kafin ruwan bana ya sauka, muna roƙon a yashe manyan magudanai, a sa kwalbati a wuraren da dattawan kowane ƙauye za su nuna, a keɓe filin zuba shara nesa da kogi da rijiyoyi, a kuma tsayar wa kowace unguwa ranar da motar kwasa za ta zo. Inda aka yi faɗa, a gayyato ƙwararrun kwance bama-bamai su duba kafin a taɓa juji. Mu kuma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin fitar da matasa gayya, da ciyar da ma'aikata a ranakun aiki, da biyan duk kuɗin da doka ta ɗora mana a kan lokaci. Muna fatan Mai Martaba zai sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada su yi bayani baki da baki, su kuma raka jami'an mahaliyya su ga wuraren da idanunsu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Talakawanka masu biyayya, waɗanda sa hannunsu da dangwalen yatsunsu ke haɗe da wannan takarda.