Cacar gasar waƙa ta Eurovision: lissafin da ba a nuna wa samarinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk watan Mayu, idan kakar ƙwallon Turai ta zo ƙarshe, manhajojin caca kan buɗe wa samarinmu na Garwa da Marwa wata ƙofar, wato gasar waƙa ta Eurovision. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi bayani, domin akasarin masu zuba kuɗi ba su ma san yadda ake fitar da zakara ba.

Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce ke shirya gasar tun 1956. A daren ƙarshe kowace ƙasa tana ba da maki sau biyu: na alƙalai da na 'yan kallo. Kowane ɓangare yana raba maki 1 zuwa 8, sai 10, sai 12, kuma ba a zaɓar ƙasar kai. Nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. Yaro ya ga waƙa ta cika TikTok, sai ya ɗauka ta riga ta ci. A 2023 a Liverpool, Finland ce ta lashe ƙuri'ar 'yan kallo da maki 376, amma alƙalai suka ba Suwidin 340, Suwidin ta ɗauki kofi. A 2024 Kuroshiya ce kan gaba a wurin 'yan caca, ta kuma ci ƙuri'ar 'yan kallo, amma Suwizalan ta yi nasara. A 2025 kowa ya sa ido kan Suwidin, ta ƙare ta huɗu, Ostiriya ta ci.

Wani abin da ba a faɗa: alƙalai ba a daren Asabar suke yanke hukunci ba. Gwajin daren Juma'a suke kallo su ba da makinsu. Wanda ya zauna ƙarfe 8 na dare agogon Kamaru yana sauraron murya yana ƙara kuɗi, to rabin makin an riga an rubuta shi tun jiya. Masu bin gwaje-gwajen a zauren su ne ke fara ganin wanda muryarsa ta shaƙe, kuma kafin labari ya iso unguwar Yelwa a Garwa ko Domayo a Marwa, kot, wato ninkin da kamfani ke yi wa kuɗinka idan ka ci, ya riga ya sauya.

Ga lissafin kot ɗin kansa. A ce ƙasashe biyar na gaba an ba su 2, 4, 5, 10 da 10. Don ka karɓi sefa 10,000 ko wacce ta ci a cikinsu, sai ka zuba 5,000, da 2,500, da 2,000, da 1,000, da 1,000. Jimla 11,500. Ka yi asarar 1,500 ko da ka dace, alhali akwai sauran ƙasashe wajen ashirin da ba ka taɓa ba. Wannan rarar ita ce abincin kamfani, an gina ta a cikin kowane tikiti. Kombine, wato haɗa zaɓi da yawa a tikiti ɗaya, ya fi muni: zaɓi uku masu kot 1.5 suna ba da kusan 3.4, amma ɗaya ya faɗi duka sun faɗi, kuma rarar kamfani tana hawa kan kowane zaɓi.

Sai matsalolin biya. A 2024 an kori mawaƙin Holan a ranar wasan ƙarshe. A irin wannan hali, mayar da kuɗi ko cinye su ya danganta ne da ƙa'idar da mutum ya danna wa amincewa bai karanta ba. Kyautar rajista kuwa ba ta fita sai an juya ta a caca sau da dama. Yaron da ya yi ajiya da layin mahaifiyarsa, ranar cirewa za a nemi katin ɗan ƙasa mai suna ɗaya da na asusun, kuɗin su maƙale.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, malamanmu kuma suna faɗa. Abin da ke ƙona mana rai shi ne ɗan acaba ya wuni cikin ranar Garwa, ya kai kuɗin mansa ga gasar da bai san dokarta ba. Muna roƙon jaridarka ta daina karɓar tallan irin wannan caca, ta kuma buga wannan lissafi kafin makon gasar, da Hausa da Fulatanci.

Wassalam,
Wasu masu karatunka daga Garwa