Wasiƙa ga Edita: Garin da ke cikin ƴar kwalba da rigakafin da uwa ke ba ɗan cikinta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da yake damuna a matsayina na ma'aikacin lab, saboda na lura duk sanda mutanenmu suka ji an ce an haɗa wani furotin na jikin ɗan Adam a ɗakin gwaji sai hankali ya tashi, wasu su ce ai shi kenan Turawa sun fara ƙera mutum, wasu kuma can gefe su fara tambaya ina ake sayarwa su sha don ƙarin garkuwar jiki. Duka biyun ba haka ba ne wallahi. Bari in ɗauki guda ɗaya in yi bayani a kansa, wanda ake kira FcRn.

Shi wannan furotin ɗan dako ne a jikinmu. Kayan da yake ɗauka su ne sojojin garkuwar jiki da ake kira IgG, waɗanda jiki ke ƙerawa bayan mutum ya yi wata cuta ko an yi masa allurar rigakafi. A jikin mai ciki, shi ne yake kamo su daga jinin uwa ya haye da su ta mabiyiya ya sauke a jinin jariri, kuma yawancin wannan jigila a watanni ukun ƙarshe ake yin ta, shi ya sa bakwaini yake zuwa duniya da ƙarancin kariya fiye da wanda ya cika wata tara. Toh in kin taɓa zuwa awo aka yi miki allurar tetanus Hajiya, ba ke kaɗai aka yi wa ba, jikinki ne zai haɗa sojojin, FcRn ya kai wa jariri, don ranar da aka yanke cibiya ko da an samu ganganci da reza ko an shafa wani abu a wurin, yaro yana da abin da zai tare masa wannan ciwo mai sandarar da jarirai. Haka kariyar ƙyanda ta watannin farko, ta nan take bi.

Yadda yake aikin ma abin mamaki ne. In wuri yana da ɗan tsami, wajen 6 a ma'aunin tsami da ake kira pH, sai ya riƙe IgG gam, in ya fito cikin jini inda pH yake wajen 7.4 sai ya sake shi. Da wannan dabarar ce kuma yake ceto IgG daga narkewa a cikin ƙwayoyin jikin babba ma, ba jariri kaɗai ba, shi ya sa IgG yake kai kimanin kwana 21 kafin rabinsa ya ƙare a jini alhali wasu furotin ɗin kwana kaɗan suke yi. Wani masani a Bangor ta ƙasar Wales mai suna Brambell shi ya yi hasashen akwai irin wannan abu tun 1964, bai gan shi da ido ba, sai a 1989 Simister da Mostov suka zaƙulo ƙwayar gadonsa, wato umarnin ƙera shi, daga hanjin jariran ɓeraye, na mutum kuma aka samo shi a 1994. Makiyaya ma sun san wani ɓangare na zancen ko da ba su san sunan ba, don ita saniya ba ta miƙa wa ɗan maraƙi komai ta mabiyiya, sai ya sha dakashi a sa'o'in farko, in ya rasa shi da wuya ya yi ƙwari.

To yanzu shi FcRn ɗin da ake haɗawa a ɗakin gwaji ana sayarwa fa? Ba a jinin kowa ake tatsarsa ba, ba kuma daga mabiyiyar matan asibiti ake kwasowa ba kamar yadda wasu ke zato. Umarnin ƙera shi, wato ƙwayar gado mai suna FCGRT tare da abokiyar tafiyarta B2M, su ake sakawa cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo a kwalba, su kuma su yi ta ƙera furotin ɗin, a tace, a busar ya zama gari. Abin da ke cikin kwalba ɗaya bai wuce maikurogiram 50 ko 100 ba, in ba ka lura ba sai ka rantse kwalbar babu komai, amma kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Kuma a jikinta an rubuta ɓaro-ɓaro cewa don bincike ne kawai, ba a sha, ba a yi wa mutum allura da shi. Duk wanda ya zo maka da irin wannan ya ce maganin ƙara garkuwa ne ɗan damfara ne, ka riƙe kuɗinka.

Akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye ba tunda mu mutane ne masu kula da halal da haram. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su wajen wannan kiwo iri biyu ne, akwai CHO da aka samo daga wata dabba dangin ɓera tun 1957, akwai kuma HEK293 da asalinsu daga ƙodar ɗan tayi ne, a Leiden ta ƙasar Holan a 1973, tun daga lokacin su ake ta ninkawa ba wai ana nemo sabo ba. Ni a ganina wannan abu ne da ya kamata malamanmu da likitocinmu su zauna a kai da ilimi, a faɗa wa mutane gaskiya tun wuri, ya fi a yi shiru sai wani ya tsinto rabin zancen ya yi odiyo ya watsa a WhatsApp, mun ga abin da jita-jita ta jawo mana lokacin foliyo a 2003. Kuma ita wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi tun 1982 ake haɗa irinsa ta wannan hanya, allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai ma a cikin yis ake ƙera ta.

Wani zai ce to me ake yi da garin in ba a sha? Gwaji ake yi da shi. Duk kamfanin da ya ƙera maganin da yake shi kansa IgG ne, sai ya gwada yadda yake kama FcRn, don shi zai nuna ko maganin zai daɗe a jiki ko zai wuce da wuri. Nan ne abin ya zo kusa da mu sosai. Masu bincike na Amurka da na jami'ar Bamako sun gwada wata allurar IgG mai suna CIS43LS a Mali, wadda aka ɗan gyara ta yadda za ta riƙe FcRn da kyau ta daɗe a jini, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna allura ɗaya ta babban awo ta kare manya daga kamuwa da maleriya da kusan kashi 88 cikin 100 har tsawon wata 6, wato damina guda cur. Bayanta aka gwada ƙanwarta L9LS a kan yara, nan ma a Mali. Ka duba fa, Mali, damina irin tamu sauro irin namu. A ɗaya gefen kuma akwai magunguna masu toshe FcRn da gangan don IgG ya ƙare da wuri a jini, kamar efgartigimod da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2021 don masu wata cuta da sojojin jikinsu ke juyowa su yaƙi tsokarsu har ido ya riƙa rufewa da kansa. Ita ma matsalar nan ta uwa mai rukunin jini negetif da jariri mai fozitif, da ke sa yaro ya zo da shawara mai tsanani ko cikin ya yi ta zubewa a ce mayu ne, ta wannan hanyar sojojin uwa ke hayewa su fasa jinin ɗan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan Malam Edita. Bincike a wasu ƙasashen Afirka ya nuna in maleriya ta kama mabiyiya, abin da ke hayewa zuwa ga jariri yana raguwa, haka in uwa tana ɗauke da HIV. To ina aka fi mu maleriya da yawan haihuwa? Wannan tambaya tamu ce, matan da za a yi nazarin a kansu suna nan cike a layin awo daga Kano har Maraɗi, amma sai dai a ɗebi jini a sa a ƙanƙara a tura waje, sakamako ya fito da sunan wasu, namu ɗaliban suna can tsakiyar jerin sunaye in ma an sa su. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Abin da ke kashe mu shi ne ka yi odar ƴar kwalbar nan da dala, ta yi makonni a hanya, ta iso, ka narka ta ka raba ka sa a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, sai wuta ta ɗauke janareto ba mai, da safe ka zo ka tarar kuɗin shekara guda ya zama ruwa, kuma ba za ka gane ya lalace da ido ba sai gwaji ya ƙi fitowa ka yi ta zargin hannunka. Na san mutanen da wannan ya sa suka bar bincike suka koma gwajin taifod da maleriya a lab ɗin kasuwa, kuma ban ga laifinsu ba, iyali za su ci.

Roƙona ga TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da gwamnonin arewa da masu hannu da shuni shi ne a rage gina manyan ɗakuna da fenti mai kyau ba komai a ciki. A zaɓi ko da wuri biyu ne ko uku cikin asibitocin koyarwa da muke da su a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, a sa musu sola da batir da zai riƙe firiza dare da rana, a ware kuɗin sayen kayan gwaji duk shekara ba sau ɗaya ranar yanke kirtani ba, a kuma sauƙaƙa fito da irin waɗannan kaya daga tashar jirgi tunda ba sa jure zafi. Ku kuma ƴan jarida don Allah in za ku ɗauko labarin kimiyya ku riƙa kiran wanda ya san aikin ya fassara muku kafin ku buga, lambobinmu ba wuyar samu suke ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani ma'aikacin lab daga Zariya