Rahoton Ayyukan Shekara: Silikon da Cututtukan Shinkafa

'Yan uwa mambobi, aikin da ya fi cin lokacin ƙungiya a bana shi ne gwajin silikon, wani sinadari da ke cikin ƙasa da yashi, a gonakin shinkafa, kamar yadda babban taron bara ya umarta.

Abin da ya kai mu ga wannan gwaji shi ne cutar bilas, wadda funfunar Magnaporthe oryzae ke haddasawa. Kowa ya san ta: tabo mai tsini biyu a ganye, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ja-ja, in ta kama wuyan zangarniya kuwa sai ya ruɓe, hatsin ya fito fanko. Shinkafa na zuƙar silikon ta saiwa, har yakan kai kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen jikinta. Tana jibge shi ƙarƙashin fatar ganye, ya zama garkuwa mai wuyar hudawa. Ba sabon ilimi ba ne. Manoman Japan na zuba takin silikon tun shekarun 1950.

Mun raba gonar gwaji gida uku. Kashin farko an haɗa ƙasarsa da takin silikon mai suna kalsiyam siliket kafin dashe, na biyu an yi wa ganyensa feshin wani sinadarin mai ɗauke da silikon, wato fotasiyam siliket, na uku an bar shi haka. A na farko ganye ya miƙe tsaye, da kaushi in ka shafa, tabon cutar ya ragu, karan kuma bai kwanta ba bayan iska. Feshin ya taimaka, amma a ganin kwamiti bai kama ƙafar na saiwa ba.

Sai dai a yi hattara. Silikon rigakafi ne, ba ya warkar da gonar da cuta ta riga ta cinye. Kuma duk wanda ya cika wa shinkafa yuriya, ya buɗe wa bilas ƙofa da hannunsa.

Mun kuma yi bita kan tokar buntun shinkafa, wadda mafi yawanta silika ce, wato sinadari mai ɗauke da silikon. A ƙona shi a hankali, domin wuta mai tsanani na sa silikar ta ƙi narkewa a ƙasa. Halartar mambobi ba ta kai yadda muka so ba, wannan kam dole a faɗa.

Baɗi za a maimaita gwajin a ƙasa mai yashi, a kuma sa ido kan cutar tabon ƙasa-ƙasa da ruɓewar kuben ganye. Mai son ba da fili ya sanar da sakatare kafin a zuba iri.